Wa Ya Ce Ka Sabunta Mini?

"Lafiya lau na kwana, sai dai ɓarnar da ka yi mini," in ji Auta, tun kafin Dogo ya ƙarasa gaisuwar. Ta dire kwamfutarta a kan teburin gugarsa, dab da farar rigar da yake gogewa, ta tsaya tana huci.

Dogo ɗan kawunta ne, wan mahaifiyarta, don haka abokin wasanta ne tun suna yara. Ita Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana koyon zanen gine-gine, gobe da safe kuma malamin da ke duba aikinta na kammalawa zai zauna jiran zanen asibitin yara da ta kwashe zangon karatu guda tana fama da shi. Dogo ya ari kwamfutar a ƙarshen mako. Da ya dawo da ita, Auta ta kunna ta kasa gane kayanta. Ashe ya sauke babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya ɗora sabuwa fil, manhajar zanen da sashensu ya ba su kuwa ta ƙi buɗewa ƙememe.

"Haka ake gaida ubangida?" ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "'Yar mace ta shigo ɗakin ɗan namiji, ba rusunawa, ba ranka ya daɗe?"

"Ranka ya daɗe a gidan yari. Wa ya ce ka sabunta mini kwamfuta?"

"Au, godiya kika zo yi? Bar shi kawai, taimako ne."

"Aro na ba ka, Dogo, aro! Idan ka ari riga, sai ka yanke mata hannu don ka ji an daina yayin dogon hannu?"

"Riga kika ba ni ko tsumma? Wannan tsohuwar manhajar taki, da ita kakarmu ta yi firamare. Na kunna ta, na je na yi wanka, na karya, na raka baƙo bakin titi, na dawo na tarar tana miƙa tana hamma."

"Tana hamma amma tana yi mini aiki. Kai da ba ka hamma, me ka taɓa tsinana wa wani?"

"Ke dai ba ki san abin duniya ba. Dubi yadda fuskarta take ƙyalli yanzu. Har yanayi take gaya miki, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba."

"Yanayi zan kai wa malam gobe? In ce masa, Malam, asibitin bai samu ba, amma ka fito da lema?"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan tebur. Dariyar ce ta ƙara tunzura ta.

"Dariya ma kake yi? Firinta ta daina gane ta. Fankarta na kuka kamar jirgi zai tashi. Batirin da yake kai ni la'asar yanzu ko darasi ɗaya ba ya gani. Abin da nake dannawa a gefe ka kai shi tsakiya, na tsakiya kuma ban san inda ka kai shi ba."

"Ci gaba ke nan. Ƙauyanci ne yake damun ki."

"Tsawo ne yake damun ka. Kafin tunani ya hau ya isa ƙwaƙwalwarka, hannunka ya riga ya gama ɓarna."

"Ke kuma gajarta. Duk abin da ya wuce tsawon tebur ba kya hango amfaninsa."

Hayaniyar ta jawo Kawu daga falo, tabarau a goshi, jarida a hannu. Auta ta juya da sauri.

"Kawu, ka zo ka ga abin da ɗanka ya yi mini."

Kawu ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ni ba na shiga shari'ar abokan wasa. Ni da uwarki muka haɗa ku, ku kuma ku raba kanku. Amma kai, idan ka kayar mini da 'ya a jarrabawa, ka nemi wani gidan." Ya saki labule ya koma.

"Ka ji ko?" in ji Auta. "Buɗe mini zanena."

"Abu mai sauƙi. Matsa ki ga aikin manya."

Ya ajiye dutsen guga, ya ja kwamfutar gabansa yana fito. Ya danna, wani saƙo ya fito: wannan manhaja ba ta aiki a kan wannan tsari. Ya sake dannawa, saƙon ya sake fitowa. Ya kashe ya kunna. Fiton ya fara raguwa.

"Ai sai a goge ta a sake saka ta," ya ce.

"Na yi. Ga filashin da sashenmu ya ba mu a jakata. Ta ƙi hawa."

"To a nemo sabuwar fitowarta."

"Sashenmu ba shi da ita. Ka ɗauka ban bi duk wannan ba kafin in tako ƙafata in zo ganin wannan fuskar taka?"

Ta san malamin nan. Bara wani ɗalibi ya zo masa da labarin kwamfuta ta lalace, ya saurare shi tsaf, sannan ya ce su haɗu baɗi. Ta tuna kowace taga da kowace ƙofa da ta zana a asibitin nan, har wurin wasan yara da ta sake wa fasali sau ba adadi. Duk suna nan cikin kwamfutar, kamar kaya a ɗakin da aka canja wa kuba.

Sai ta ji ƙauri. Ta dubi teburin, ta ga inda ya kifa dutsen gugar, ta yi shiru abinta har hayaƙi ya tashi.

"Wayyo rigata!" Dogo ya daka tsalle ya ɗaga dutsen. Tambarinsa ya fito ɓaro-ɓaro a bayan rigar. "Kina gani kika yi shiru?"

"Na ɗauka sabon yayi ne. Mu 'yan ƙauye ina muka san ci gaba?"

Ta faɗa bakin gadonsa, sai ta ji ta zauna a kan abu mai tauri. Ta yaye bargo. Kwamfuta ce, baƙa, da hoton ƙwallo manne a bayanta.

"Dogo."

"Na'am."

"Ba kai ka ce mini taka tana wurin mai gyara ba, shi ya sa ka ari tawa?"

"Ai... jiya ya dawo da ita."

"Kayan wanki ne da zai kawo maka har cikin bargo?"

Ya kawo hannu zai ƙwace, ta rungume ta ta ɗaga murfin. Fuskar ta haska, ko kalmar sirri ba a saka ba ta gane ta. Tsohuwar manhajar ce, irin tata sak, da launinta da komai.

Ta ɗago a hankali. "Wannan ba ita ce wadda kakarmu ta yi firamare da ita ba?"

"Ki tsaya ki ji."

"Ina ji."

"Ta daɗe tana damu na in sabunta, ni kuma na ji ana cewa wasu abubuwan suna daina aiki. Wasan ƙwallona yana ciki, na kai matakin ƙarshe. Sai na ce bari in fara gani a wani wuri tukuna."

"A wani wuri! Ni ce wani wurin? Digirina ka mayar zakaran gwajin dafi saboda ƙwallon ƙarya? Kawu!"

"Rufa mini asiri!" Ya haɗa hannu biyu, ya durƙusa, duk da haka kansa ya kusa kai nata. "Na tuba. Ɗauki tawa, ki saka manhajar zanenki, ki kwashe aikinki ki zuba. Taki kuma yau zan kai wa wanda ya iya, a mayar miki da tsohuwar."

"Da caja."

"Da caja."

"Da jaka. Kuma kai za ka ɗauka har gida, kana bin bayana."

"Ubangida guda?"

"Kawu!"

"Zan ɗauka, ranki ya daɗe."

Ta juyo da kwamfutar, ta ɗora yatsu a kan madannai. "Kalmar sirri."

Dogo ya sosa ƙeya. "Kawo in saka miki."

"A gida wa zai saka mini? Faɗi."

Ya dubi ƙofa, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Dogo kyakkyawa. A haɗe, ba tazara."

Auta ta so ta riƙe fushinta, amma ina! Dariya ta ƙwace mata har ta kife a kan bargon.

"Wa ya gaya maka?" ta ce tana share hawaye. "Wane maƙiyinka ne ya gaya maka?"

"Ke dai rubuta," in ji Dogo, shi ma yana dariya yana naɗe caja. "Kin ci wannan. Amma don Allah kada maganar nan ta fita daga ɗakin nan."

Daga falo muryar Kawu ta taso. "Kyakkyawa, in ka gama ka kashe dutsen gugar nan kafin ka ƙone mini gida."