Nomau da Sawun Gindin Tanki

A Kwarin Marke akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya ba talatin baya, ga shi ƙato, buhun masara ba ya yi masa nauyi, amma duk abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba daɗi ba ragi. Yana zaune gidan wansa Korau, mai gadin rijiyar burtsatsen garin, tare da matar Korau, Kuluwa, da 'ya'yansu. Korau ne kaɗai bai taɓa ce masa wawa ba. Kuluwa kuwa tana faɗa tun kafin a karya kumallo, sannan ta zuba masa kokon da ya fi na kowa yawa.

Wata rana gari ya waye farantan sola na rijiyar sun yi ɓatan dabo. Famfo ya tsaya, mata suka koma rafi da tulu. Kafin hantsi, Malam Sidi, shugaban kwamitin ruwa, ya tsaya gindin tanki yana tada jijiyar wuya, wai ba wanda ya yi wannan aiki sai mai gadi. Korau ya rantse zazzaɓi ne ya kwantar da shi gida, kuma tun la'asar ya aika wa Shugaba cewa ba zai iya fitowa ba. Shugaba ya ce shi bai ga ɗan aiken kowa ba. Saje Dogara na caji ofis ɗin garin ya iso, bai tambayi komai ba ya wanka wa Korau mari, ya tasa ƙeyarsa zuwa bayan kanta. A garin nan haka ake bincike, a waiga a ga wanda ba shi da kowa, a ce shi ne. Saje ya ce in ba a samo wani ba, Korau sai kotu, daga can sai gidan yari.

Bayan rabin gari ya gama tattake wurin, sai Saje ya tuna akwai masu bincike da za su zo daga birni. Ya zagaye rijiyar da igiya, ya ƙwala wa Nomau kira.

"Kai, tsaya nan. Kar ka bar kowa ya tsallake igiyar nan. Kowa, ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Wata rana, kashegari ke nan, mota ta tsaya, Sufeto Balaraba ta fito da mutanenta biyu da akwatunan aiki. Ta nufi igiya, Nomau ya tare gabanta. Ta nuna masa katinta, ya duba da kyau ya miƙa mata abinta, ya ce, "Ranki ya daɗe, an ce kowa." Ɗaya daga cikin mutanenta ya ɗaga ƙafa zai tsallake, Nomau ya sunkuce shi kamar jariri ya dire shi waje. Aka aika neman Saje, ashe ya tafi cin kasuwar ƙauyen gaba. Masu bincike suka zauna ƙarƙashin marke suna tsaki har rana ta karkata. Da labari ya kai gida, Kuluwa ta fito ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

"Mutanen da suka zo fitar da wanka su ka tsare? Wayyo ni Kuluwa! Ina ma kai aka kulle!"

Wata rana Sufeto ta sa safar hannu tana shafa wata baƙar hoda da ɗan burushi a jikin ƙarfen da aka kwance farantan. Nomau ya sa mata ido har ya kusa jingina da ƙarfen. Ta yi masa bayani cewa duk abin da mutum ya taɓa yana barin zanen yatsunsa, kuma ba mutum biyu masu zane iri ɗaya. Ta ce, "Saboda haka, Malam Nomau, kar ka ƙara taɓa komai da hannunka." Nomau ya cusa hannuwa cikin hamata ya nufi gida. Ya tarar akuya ta tsinke igiya tana cin garin da Kuluwa ta shanya, ya tsaya yana ba ta haƙuri da baki har ta cinye. Da yamma Kuluwa ta ba shi tuwon da zai kai wa Korau. Ya ce ta ɗora masa a ka. Ta ɗora, don ba ta san abin da ake ciki ba. Ya yi tafiyarsa lafiya har ƙofar caji ofis, nan ya yi tuntuɓe, kwano ya taho ƙasa yana kallo bai tare ba. Korau ya leƙo ta tagar ƙarfe, idonsa ɗaya a kumbure, ya ga tuwonsa cikin taɓo. Bai zage shi ba, ya ce, "Ba komai, Nomau, tafi gida." Sai da Sufeto da kanta ta ce masa ya ci gaba da amfani da hannunsa kafin ya yarda ya share hawayensa.

Wata rana Sufeto ta zagaya bayan tanki, inda 'yan kallo ba su taka ba saboda ƙaya, ta ga sawun takalmi ya nutse cikin laka, irin na wanda ya ɗauki kaya mai nauyi. Ta ɗauki hotonsa, ta auna shi. Amma filastar da ake zubawa a ɗebi siffar sawu an baro ta a birni, ga hadari ya haɗo gabas. Ta ce, "Malam Nomau, rufe mini wannan da abin da ruwa ba ya ratsawa, kafin in dawo." Nomau ya yi tunani, ya ga tabarma tana jiƙa, buhu yana jiƙa, abu ɗaya ya sani da ruwa ba ya ratsawa. Ya je gida ya hau ɗakin Kuluwa, ya ɓalle kwanon rufi guda biyu, ya kinkima. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kuluwa ta dawo daga rafi ta iske katifarta tana iyo, miyarta ta koma ruwa, sama tana kallonta daga cikin ɗaki. Ta biyo shi da muciya har gindin tanki, ta same shi zaune kan kwanon, jiƙe sharkaf, don kar iska ta ɗauke.

"Mijina a kulle, ɗakina a buɗe! Me na yi maka a duniya, Nomau?"

"An ce abin da ruwa ba ya ratsawa, Yaya Kuluwa."

Sufeto ta dawo ta zuba filasta, sawu ya fito raɗau. Rufaffen takalmi ne, an yi masa faci a dunduniya, kuma ko rabin ƙafar Korau ba zai shiga cikinsa ba. Zanen yatsun da aka ɗauka a wurin ƙusoshi ma ba nasa ba ne. Duk mai hankali zai ce magana ta ƙare. Amma Malam Sidi ya ce ai ɓarawo ba ya rasa abokin aiki, Saje ya ce haka ne, manyan gari suka gyaɗa kai. Aka tsayar da magana ranar Litinin za a kai Korau kotu. Abin haushi, a cikin masu gyaɗa kan nan ba wanda Korau bai taɓa cika wa jarka ba.

Wata rana, ranar Juma'a ce, Nomau ya tarar da Sufeto tana haɗa akwatunanta, ranta a ɓace.

"Ranki ya daɗe, yaushe za a saki Yaya?"

"Sai in na ga takalmin kowane namiji a garin nan," ta ce, tana rufe akwati da ƙarfi. "Ka ga kuwa wa zai kawo mini?"

Nomau ya juya ya tafi. Ya ari kurar mai ruwa, ya sauke jarkoki, ya jira liman ya tada salla. Sahu na cika, ya bi ƙofofin masallaci ɗaya bayan ɗaya yana kwasa, silifa da sandal da rufaffe, har na liman bai bari ba. Ana sallamewa jama'a suka fito suka ga wayam. Can suka hango shi yana tura kura, sai ihu ya tashi, "Ɓarawo! Jininsu ne, daga wan har ƙanen!" Gari ya bi shi ba takalmi, cikin taɓo da tsakuwa, ana ɗingishi ana zagi. Dutse ya same shi a ƙeya, jini ya ɓata masa riga, bai tsaya ba sai da ya juye kurar a gaban Sufeto.

"Ga su nan, ranki ya daɗe. A saki Yaya."

Ba don ta shiga tsakani ba da sun raba shi da ransa. Ta dubi tulin takalman, ta dubi jama'a, ta ɗauko filastar ta ajiye kan benci. Ta ce tunda dai an kawo, kowa ya ɗauki nasa, amma ya nuna mata ƙasansa kafin ya sa. Aka yi ta ɗauka ana tsine wa Nomau. Tuli ya yi ta raguwa har ya rage rufaffen takalmin mutum ɗaya, ruwan ƙasa, yana kwance a gefe ɗaya, facin dunduniyarsa yana kallon kowa.

Sufeto ta ce, "Na wane ne?"

Ba wanda bai san takalmin nan ba, sun sha ganinsa a taron kwamiti da wurin suna da jana'iza. Bakunan da suka iya kiran Korau ɓarawo tun da sassafe, yau duk sun mutu. Wannan ya dubi sama, wancan ya hau gyaran hula. Saje ma sai ya shiga neman wani abu a aljihu. Liman, da ransa ke ɓace tun ɗazu, kuma yana bayan mutane bai ga abin da ake kallo ba, ya daka tsawa.

"Kai Nomau, ka ƙi salla ka wulaƙanta Musulmi! Abin da ya rage, ka kai wa mai shi har ƙafarsa, ka roƙi gafara!"

Nomau ya ɗauki takalmin da hannu biyu, ya ratsa jama'a zuwa can baya, inda Malam Sidi ke ƙoƙarin sulalewa ta bayan mota, ƙafarsa duk taɓo. Ya durƙusa, ya goge masa ƙafa da gefen riga, ya zura masa ɗaya, ya zura ɗayan. Suka zauna cif.

"Ka gafarce ni, Shugaba."

Kafin magariba aka zaƙulo farantan a rumbun Malam Sidi, ƙarƙashin harawa. Aka buɗe wa Korau ƙofa, ya fito yana jan ƙafa. Jama'a suka watse kowa kansa a ƙasa, ba wanda ya ce masa sannu, balle a ba shi haƙuri. Kuluwa ta yage gefen zaninta tana ɗaure wa Nomau ƙeya, tana kuka tana zagin gari gida gida. Korau ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Kai ni gida, ƙafata ba ta ɗaukata." Nomau ya sunkuce shi ya ɗora cikin kurar, ya tura shi ta tsakiyar gari, ta ƙofar duk wanda ya gyaɗa kai.