Yadda Ake Gyaran Birkin Tirela Ba Tare da Ya Gyaru Ba

"Tirelar da ba birki ai ba ta hawa titi, Merv." Haka na ji Baba yana faɗa wa maƙwabcinmu a bakin shinge, har da 'yar dariya. Ran Litinin ake jirana a wata gonar shanu can bayan garin Cloncurry, tafiyar kwana biyu, ni da goɗiyata a 'yar tirelar da motarmu ke ja. In ban isa ba, a ba wani aikin. Kwana uku ina zaune kan bokiti ina kallon Baba yana gyara, don haka na ƙware. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tirelarka ko taku ɗaya ba za ta yi ba.

1. Dubi na'urar, ka ja tsaki. 'Yar na'urar nan ta ƙarƙashin sitiyari, mai ba birkin tirela umarni, ta ƙi kawo wuta. Taka birki, girgiza kai, sake takawa. A ilimin kanikanci, tsaki uku rabin gyara ne.

2. Zargi soket. Zare wayar da ta haɗa mota da tirela, hura mata iska, goge da gefen riga, mayar. Ka ce tsatsa ce, ko da tana ƙyalli.

3. Nemo mai tayawa da baki. Irin Merv ya fi. Zai jingina da mota ya ce, kamar yadda ya ce wa Baba, "Des, ɓeraye ne. Bara har wayar hon suka cinye min." Ka yarda nan take. Bin waya daga gaba zuwa baya wuni guda ne cur.

4. Shiga ƙarƙashin mota ka zauna. Akwai inuwa, kuma ba mai ganin fuskarka. In uwargida ta leƙo ta ce, "Desmond, gyara kake ko barci? Yarinyar nan fa ta gama ɗaure kaya," ka buga sifana a ƙarfe sau biyu.

5. Akwatin fiyus, kul! Da ka ga hannun Merv ya nufi wajen, ka ce, "Bar nan, na duba tuntuni. Zo mu sha shayi." Ba a taɓa jin Merv ya ƙi shayi ba.

6. Kula da aljihun rigarka. Nan gwanin ya yi sake. Baba ya sunkuya duba taya, sai wani ɗan fiyus ya faɗo daga aljihunsa, lafiyarsa ƙalau, dab da takalmina. Na taka shi. Da ya juya baya na ɗauke shi na ɓoye.

Gargaɗi: Ba ruwan mai wannan rubutu in 'yarka ta fi ka ido. Ba ruwanta kuma in da safe ta same ka kana taje wa goɗiyarta gashi, kana ce mata, "Ki kula min da ita a can," alhali kai ka ce birki ya ƙi.

Da safen nan na tsaya a bayan Baba. Sannan na buɗe tafin hannuna, ga fiyus ɗin a ciki.

"Baba," na ce, "in na mayar da wannan, za ka kai ni da kanka?"