Leɓena da Famfon Mai Girma

Jama'a, ranar Litinin ina layin mai, na tura babur ɗina taku uku cikin awa biyu, sai leɓena na ƙasa ya kama rawa. Ba ni na sa shi ba. Na cije shi, na danne da yatsa, ya ƙi bari. Mai tasin da ke bayana ya leƙo ya ce, "Malam, in zagi za ka yi, yi da ƙarfi mu taya ka."

Abin ya tayar mini da hankali, domin ranar Alhamis Mai Girma Uban Alkawura zai zo buɗe famfon unguwarmu, kuma ni aka zaɓa in yi jawabin godiya, wai ina da murya. Famfon nan shekara uku ana aikinsa. An yi masa fenti sau biyu, allon sunan Mai Girma ya fi tankin faɗi, ruwa ne kawai bai samu damar zuwa ba. Har yau uwar 'ya'yana daga bayan kasuwa take ɗauko jarka, bayanta ya soma ciwo, ni kuwa kunya ta ishe ni.

Ruwa ba ya tsami banza, sai na shiga neman dalili. Uwar 'ya'yana ta ce, "Shayin nan naka ne mai kauri, kofi huɗu kafin rana ta yi tsaka." Maƙwabcina mai aski ya ce rashin barci ne. Surukata ta ce ana gulmata a wani wuri. Na ce, "Inna, wa zai ɓata yawunsa a kaina?"

Na je ƙaramin asibitinmu. Nas ta duba ni ta ce yawanci ba abin tsoro ba ne: gajiya, damuwa, yawan shayi, ƙarancin ruwa a jiki, ko rashin wani sinadari da ake samu a ayaba. Wani maganin ma kan jawo shi.

"Amma in ka ga gefen fuska ya saki, ko magana ta harɗe, ka zo da gudu," in ji ta. "Kana shan ruwa sosai, Baba?"

Na ce, "'Yata, ai sai ranar Alhamis."

Ranar Laraba mai riƙe wa Mai Girma jaka ya kawo mini jawabina a rubuce, don kada in wahala da tunani. Allah ya saka musu. Layin farko cewa yake, "Yau ƙishirwa ta ƙare a unguwarmu." Ina karantawa, ga motar ruwa can tana cika tankin a gaban kowa, don gobe in an murɗa a ga ya zubo. Leɓena ya ƙara wuta.

"Wannan bakin naka ka gyara shi kafin gobe," in ji mai jaka. "Akwai masu ɗaukar hoto."

Na ci ayaba biyar, na haƙura da shayi, na kwanta da wuri. A banza.

Alhamis aka kafa rumfa. Motoci goma sha biyu suka iso, ko ɗaya ban taɓa gani a layin mai ba, wataƙila da addu'a suke tafiya. Mai Girma ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi tafi. Aka miƙo mini abin magana, leɓe na ta kaɗawa. Mai gabatarwa ya ce, "Kun gani? Daɗi ya sa dattijo zai yi kuka!"

Sai na hango uwar 'ya'yana can baya, hannu ɗaya a ƙugu, ta jero jarkokinmu shida har da tukunyar girki. Ta san kafin yamma tankin zai ƙafe. Wallahi tausayinta ya kama ni. Na san baki shi ke yanka wuya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ninke takardar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai. Roƙonmu ɗaya ne. Motar da ta cika tankin nan jiya, a bar mana ita. Famfon kuma a tafi da shi a buɗe wa wata unguwar."

Can wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, mata suka ɗauka, har mai hoto ya sunkuyar da kai. Na taɓa leɓena, na ji shi lafiya lau, ko motsi. Na dubi Mai Girma, sai ga nasa ya kama.

Ruwan dai kafin yamma ya ƙare, kamar yadda kowa ya sani. Jiya kuma na ga masu haƙa sun dawo da bututu. Ban yi murna ba tukuna, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma uwar 'ya'yana ta haɗa mini shayi da hannunta, mai kauri.

Na koma na gaya wa nas ta ƙara dalili ɗaya a cikin jerinta: maganar da mutum ya haɗiye.

Shi kuma Mai Girma, na gan shi a talabijin yana wani alkawarin, leɓen bai bari ba. Ranka ya daɗe, a ci ayaba, a rage shayi. In ya ƙi, akwai maganin da na gwada ya yi mini, sai dai ban sani ba ko ana samunsa a unguwarku.