Lahadin da Na Mayar da Cocin Kamazou Yahudawa

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, gari ya cika da zancen sabuwar Najeriya. Ni kuwa ina ƙaramin akawu a wata masaƙa a Kakuri, ina ji da Turanci kamar a bakina aka ƙera shi. Siyasa ba ta dame ni ba, Rifkatu ce a gabana, 'yar ƙungiyar mawaƙa a cocinmu na Kamazou. Ita ta yarda, amma mahaifinta Baba Danladi, dattijon ikilisiya (mutumin da ko jariri bai taɓa yi wa murmushi ba), ya ce ba zai karɓi gaisuwar iyayena ba sai ya ga irin Kiristancina. Abin har dariya ya ba ni. Ubana mai bishara ne, a bayan coci aka yanke mini cibiya, wane Kiristanci kuma za a auna?

Ana haka sai muka yi baƙon Rabaran daga Kudu, wanda ko "zo" ba ya ji da Hausa, ga zazzaɓi ya kwantar da tafintanmu. Fasto ya yi cigiyar mai fassara, kafin ya rufe baki na ce ni zan yi. Na aro kwat wurin wani abokina gajere, na shaƙe wuya da taye, na hau bagade ina kallon Baba Danladi a kujerar gaba.

Da farko abu ya tafi sumul. Rabaran ya ce soja ya cire kaki ya sa babbar riga ba sabuwar haihuwa ba ce, canjin kaya ne kawai. Na juya ta, na ƙara gishiri, coci ta ɗauki "Amin!" Daidai nan aka ɗauke wuta, fasto ya fita duba janareta, ya bar ni da tumakinsa.

Sai Rabaran ya ce wannan haihuwa ta shafi Yahudawa da Jentayils.

Jen me? (Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin, su ne Al'ummai, wato duk wanda ba Bayahude ba.) Mai hankali da sai ya tambaya. Ni kuwa ƙwaƙwalwata ta yi tsalle ta cafko "jantul", sunan da muke kiran mai kwat da magana a hankali. Na gyara taye na ce, "Yahudawa da 'yan gayu masu sanyin hali."

Daga nan fa wa'azi ya ɗauki hanyar da ko manzanni ba su san ta ba. Rabaran na cewa Al'ummai a dā suna nesa, ba su cikin alkawari, ni kuma ina rangaɗawa, "'Yan gayu suna nesa da Allah, ba su da rabo!" Matan kasuwa suka ce "Gaskiya ne!" suna hararar ma'aikatan gwamnati. Na hango Rifkatu tana zare mini ido tana girgiza kai. Na ce a raina, yarinyar nan Turancina ya gama da ita. Samarin baya kuwa, 'yan boko, sun dunƙule a benci suna cizon hannu, ba wanda ya ji tausayina.

Rabaran ya ɗaga murya ya ce duk Jentayils da ke nan su miƙe. Na sanar, "Duk ɗan gayu mai sanyin hali ya tashi tsaye!"

Coci maƙil, amma wani ma'aikacin matatar mai daga Rido ne kaɗai ya tashi, sai wani tsohon hedimasta da ya fara miƙewa, matarsa ta janyo shi ta ce, "Zauna, Baban Ladi, kai da ka fasa mini tukunya jiya?" Ni ma na ɗaga hannu, tunda ina cikin kwat.

Rabaran ya cire tabarau, ya dube mu, ya yi tambaya. Wannan kam na fassara ta daidai, kuma ita ta kashe ni: "Wato duk sauranku Yahudawa ne?"

Sai Mama Saratu shugabar zumuntar mata ta zabura. "Wane ne Bayahude? Ni 'yar Pankshin ce gaba da baya! Kai ɗan mai bishara, me kake gaya wa baƙon nan a kanmu?"

Fasto ya shigo da hannu duk baƙin mai, aka raɗa masa, ya dafe kai. Ya karɓi fassarar da kansa, ni kuma na rasa hanyar sauka, na tsaya a gefe kamar sandar makirfo. A tsayen nan na ji wa'azin a karon farko. Ashe a kan wani malamin Yahudawa ne da ya je wurin Yesu, yana da asali, zuriyar Ibrahim ne, ga karatu, amma aka ce masa sai an sake haihuwarsa ta ruwa da Ruhu. Ga Bayahude ma'anar ita ce gidan da aka haife ka bai isa ya shigar da kai ba. Ga Al'ummai kuwa, gidan da aka haife ka bai isa ya hana ka shiga ba. Ƙofa ɗaya ce, kowa da rarrafe yake shigarta. Aka sake cewa Al'ummai su tashi, coci duka ta miƙe ana dariya.

Bayan sujada na nufi ƙofar baya, sai na ji, "Jantul, zo nan." Baba Danladi ne. Na durƙusa, kwat ta ce ɓarrr a baya.

"Kai ne malamin nan na wa'azi," in ji shi. "An haife ka a gidan bishara, ka ɗauka ka gama. Ranar Laraba akwai ajin masu neman baftisma. Ka zo, ba kwat."

"Baba, ai an yi mini baftisma."

"Ruwa ya taɓa ka dai. Ka zo."

Na je. Damina guda ina zaune a benci tsakanin sababbin tuba, ina ɗaga hannu kafin in yi tambaya, kuma a can ne abin ya shige ni da gaske. Kafin Kirsimeti Baba ya aika iyayena su zo. Yau 'ya'yanmu sun girma, amma har limamin unguwarmu Jantul yake kirana, bai ma san dalili ba.

Abin da na koya? In kalma ta fi ƙarfinka, ka tambaya. Kunyar tambaya a kunnen mutum ɗaya take tsayawa, tawa kuwa har Filato, jiharsu Mama Saratu, aka kai ta a mota.