Ranar da na jefi mulkin Nasara

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi rushe mulkin Nasara da duwatsu uku ba, a ƙofar gidan mutumin da nake neman 'yarsa.

Lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba, Illela a hannun Ingilishi, Konni a hannun Faransi. Ni saurayi ne mai jakai biyu, ina dakon gishiri da kanwa tsakanin garuruwan nan. A bakin iyaka akwai wani akawu mai duba kaya, Yohanna, Kirista ne mutumin Lokoja. Mun saba sosai, in rana ta take mukan zauna a rumfarsa yana karanta littafinsu yana juya min da Hausa.

Wata rana ya karanto mafarkin wani sarkin Babila. Wai ya ga ƙaton mutum-mutumi, kai na zinariya, ƙirji na azurfa, ciki na tagulla, ƙafafu na ƙarfe, tafin ƙafa kuma ƙarfe gauraye da laka. Sai wani dutse ya zo ya bugi ƙafafun, abin ya zama gari, dutsen ya girma ya cika duniya. Wani annabi ya fassara cewa mulkokin duniya ne za su bi juna su wuce, na Allah kaɗai zai tabbata. Yohanna bai rufe baki ba na zabura. Ƙafa biyu! Ai ga su nan, ɗaya a Illela ɗaya a Konni! Ya ce in tsaya akwai saura, ni kuwa tuni na kora jakaina, ina ta murna.

Ga abin da ya sa nake murnar. Ina son Hajo, 'yar Malam Sidi mai fatauci da fata, mutum mai karatu. An tsegunta min ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san komai ba sai wutsiyar jaki. To ga ilimi ya faɗo min wanda duk Illela ba mai shi, kuma ana bikin ɗan Malam ranar Juma'a.

Da na tsaya ga ba da labari da baki, da na tsira. Ina! Sai na ce gani ya fi. Kwana uku ina gina mutum-mutumin a bayan gida. Kai na yi shi da ɗan duma na shafe da gangamau, ƙirji da gwangwani, ciki da munduwar innata (ba ta san na ɗauka ba), ƙafafu da tsofaffin ƙusoshi, sannan na kwaɓa laka na dasa shi a kai.

Ranar bikin bayan la'asar maza sun cika ƙofar gidan Malam, har da Yohanna an gayyato shi, mata na leƙe ta zana. Na shigo da kayana rufe da tsumma, na dire a tsakiyar fili, na yaye.

Jama'a suka zuba wa abin ido. Sai a lokacin na tuna inda nake: ƙasar Sakkwato, gaban malamai, ga ni tsaye da abin da ba shi da wani suna sai gunki.

Malam Sidi ya ce, “Subhanallahi! Yaro, mi na wanga?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, duniya ce. Wagga ƙafa Ingilishi, wagga Faransi. Ku dai ku dubi yadda za su ƙare!”

Na ja da baya taku bakwai, na naɗe hannun riga, na saki dutse na farko. Ya wuce ta saman kan mutum-mutumin, ya shige zana, mata suka watse da ihu. Na biyu ya sauka gaban wani baƙo Bafulatani, ya janye ƙafarsa yana salati. Wani tsoho ya ce, “To, ashe Nasara sun zauna ke nan.” Dariya ta ɓarke, gumi ya wanke ni har cikin wando. Na rintse ido na jefa na uku da iya ƙarfina.

Tas! Randar ruwan baƙi ce. Ta dare biyu, ruwa ya malalo ya jiƙa buzun Malam, ya zarce ƙarƙashin mutum-mutumina. Muna kallo lakar ta jiƙe, ya karkace a hankali, ya kife da kansa. Munduwar ta gangara har bakin zana, na ji muryar innata tana cewa, “Ashe nan take!”

Yohanna, yana share hawayen dariya, ya ce, “Abokina, sauran da ka ƙi tsayawa ka ji ke nan. Dutsen ba hannun mutum ke jefa shi ba.”

Malam Sidi ya ɗaga jiƙaƙƙen buzunsa ya dube ni. “Ka jiya? Mulki na Allah na, mu ma haka munka karanta. Ga shi ya hwaɗi, kuma ba kai ka kada shi ba. Ka taho gobe da allo.”

Shekara guda cur na yi ina zama gabansa da allo, ni da gemuna, kafin ya ba ni Hajo. Sunan Mai-jifa kuwa ya bi ni har yau, jikokina ma da shi suke kirana.

Na ga tafiyar Ingilishi, na ga ta Faransi, kuma babu dutsena a ciki. Tun daga ranar nan, in ana ba ni labari sai na ji ƙarshensa nake tashi. Hajo kuma har yanzu, in ta ga na sunkuya zan kori akuya da tsakuwa, sai ta yi maza ta tsaya gaban randa.