Yadda Za Ka Kai Iyalinka Cin Taliya Inda Ka Rantse Ba Ka Taɓa Zuwa Ba

Wannan jagora ta maigidan da ya yi wata takwas yana ture kokon kunun matarsa ce, da hujjar cikinsa ba ya karɓar abinci da safe, alhali kullum sai ya ratse gidan mai taliya kafin ofis. Bi matakan nan, asirinka rufe yake. Ni na gwada.

1. Ka yi mamaki daidai gwargwado

Inno, mahaifiyarka, ta zo daga Augie, ta ce rabonta da taliyar murji tun tana budurwa. Matarka Baiwa ta ce ta ji labarin wata Riskuwa mai taliya a unguwar Nasarawa. Ɗaga gira ka ce, "A nan Birnin Kebbi?" Sau ɗaya tak. Ni sau uku na faɗa, kuma an lura.

2. Ka ɓata hanya

Gidan ba shi da allo. Lungu ne bayan injin niƙa, sai ka wuce bishiyar dalbejiya ka karya hagu sau biyu. Ka ari Fijon ofis, wadda babban ofis na Sakkwato ya aiko don duba gonakin shinkafa, ka tsaya kana tambayar mutane. Ka riƙe hannunka da kyau, domin shi bai san ƙarya kuke ba. Nawa ya kunna sigina tun kafin mai ba da kwatance ya rufe baki.

3. Ka sha kan 'yan zaure

Maza a zaure suke ci. Za ka tarar da Baba Labbo baduku a kan buzunsa, yana lasar yatsu. Kafin ya ce komai, gaishe shi da ƙarfi kamar baƙo, kana ƙifta ido. Mutumin kirki ne, zai gane. Zai ce, "Maraba da baƙo! Ga tabarmarka nan inda ka barta."

Ka yi tari.

4. Ka tuna da abin da na manta

Mata ba sa zama a zaure, ciki suke wucewa. Na shirya kowa, ban shirya Riskuwa ba, domin ban taɓa ganin fuskarta ba. Labule ne tsakaninmu, kwano ya fito, kwano ya koma. Na ɗauka wadda ban gani ba ita ma ba ta san ni ba. Ashe sallama ɗaya ta ishe ta gane muryata.

5. Ka ci abin da aka kawo

Taliyar za ta fito da zafinta, sirara, an turara ta, ba ta caɓe ba. Manja ludayi biyu, yajin ƙuli a gefe, albasa a kai, ba wake. Haka kake so, kuma ba ka faɗa wa kowa ba yau. Ka ci. Kunne kuma ka bar shi ya yi aikinsa, katangar ba ta da kauri.

"Ke ce ƙanwa tai?" in ji Riskuwa, tana tambayar Baiwa.

"Mata tai ce," in ji Inno.

"Yaushe anka yi bukin? Bawan Allah wanga yac ce muna gwauro na, babu mai hura mai wuta. Don tausai ni ka ƙara mai manja."

Daga nan ba za ka ji muryar Baiwa ba. Za ka ji ta Inno tana neman ƙari.

6. Hanyar gida

Kada ka kunna rediyo, kada ka fara bayani. Inno za ta yaba taliyar tun daga Nasarawa har Badariya, sannan ta dube ka ta madubi ta ce, "Kai wanga, ni dai na ga aurenka da idona. Ko mafarki niy yi?"

Baiwa magana ɗaya za ta yi, a hankali, tana kallon taga: "Malam, gobe Riskuwa za ta zo ta ga gidan gwauro. Ni na gayyace ta."

Sanarwa

Marubucin ba shi da hannu a duk abin da ya sami mai bin wannan jagora. Nasa ya ishe shi. Riskuwa ta zo, ta zaga gidan, ta leƙa madafa, ta ba Baiwa haƙuri, kuma ta hana a sake miƙo masa kwano a zaurenta. Mai ƙorafi ya same shi a gida da ƙarfe bakwai na safe. Yana nan zaune, Inno da Baiwa suna kallonsa yana shan kunu.