Ranar da Na Miƙa Lasisina a Tashar Jahun

Ko zan manta da komai a rayuwar aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a tashar motar Jahun ba. Har yanzu in na bi ta wajen nakan ɗan sunkuyar da kai, duk da cewa waɗanda suka shaida abin yawancinsu sun tsufa sun bar tuƙi.

A lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen wayar da kan jama'a a Dutse. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga Kano bayan an ba mu jiha, kuma aikina bai wuce baki ba: a ɗora lasifika a kan mota, a ba ni makirfo, in yi ta zuba. Allah ya hore mini murya, ni kuma na ɗauka har da hankali ya haɗa mini.

Na lallaɓa na sayi wata tsohuwar mota a hannun wani abokin aiki. Tuƙin kuwa a filin ƙwallo na koya, gaba kawai na iya (ribas sai dai in sauka a turo ni). Da aka ce sai na yi gwaji kafin a ba ni lasisi, sai na shiga neman mafita. Ana haka aka nuna mini wani ɗan cuwa-cuwa mai zama a gindin darbejiya a bakin ofishin lasisi da jakar takardu. Ya ce in kawo hoto biyu kawai, shi yana da mutane a ciki. Bayan kwana uku ya miƙo mini kati sumul yana sheƙi. Ban tambaye shi yadda aka yi ba, don zuciyata ta san amsar, ni kuma ba na son ji. Na cusa a aljihu, na ce ai mutanensa na ciki ne suka yi, ke nan na gwamnati ne. Ko karanta abin da aka rubuta a jiki ban yi ba. Hotona kawai na duba na ga na yi kyau.

To sai gwamnati ta tsaurara ƙa'idojin lasisi da katin shaida, aka ƙara musu alamomin tsaro don a daƙile masu buga na jabu. Aka ce a zaga tashoshi a yi wa direbobi bayani. Aka haɗa ni da wata jami'ar kiyaye haɗurra, Madam Rifkatu, 'yar Filato, Kirista, wadda ta daɗe a Dutse har 'ya'yanta ba su da wani yare sai Hausa. Mace ce gajeriya, ba ta da yawan magana, kakinta kullum kamar yanzu aka ɗauko daga wajen mai guga. Direbobi na tsoronta, amma ban taɓa jin wanda ya zage ta a bayan ido ba. Abin da suke cewa shi ne, in Madam ta tsayar da kai, to ka binciki kanka.

Muka isa Jahun da hantsi, ita a motar ofishinsu, ni a tawa (na ƙi shiga tasu don a san ni ma mai mota ne). Tasha ta cika maƙil, buhunan gero da awaki ko'ina. Shugaban direbobi, wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Baba Alhaji, ya sa aka jera benci, aka tara mana jama'a.

Na karɓi makirfo na fara. Wallahi ranar bakina ya buɗe. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa kunnensa a tsaye yake, sai na hau kan wannan. Na ce riƙe lasisin jabu ha'inci ne, kuma wasa ne da rayukan bayin Allah. Na ce wanda ya ɗauki fasinja alhali bai ci gwaji ba, ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama. Direbobi suka yi ta gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni.

Sai Madam ta fara bayanin alamomin. Ta ce na gaske hotonsa a jikin katin yake, ba liƙa shi ake yi da gam ba. Akwai tambari mai canza launi in an karkata shi ga rana, da wani rubutu mitsi-mitsi a gefe wanda injin kasuwa ba ya iya fitarwa. Ta sa hannu a jaka za ta ɗauko nata ta nuna. Ni kuwa, da azarɓaɓi, na riga ta.

“Madam, kada ki wahala,” na ce cikin makirfo. “Ga nawa. A duba a ga yadda lasisin mutumin kirki yake.”

Ta karɓa. Ta karkata shi ga rana. Ta sake karkatawa. Ta shafa da babban yatsa. Sai ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni, ta ce, “Malam, ko dai samfurin na jabu ka kawo mana don a kwatanta?”

Jama'a, ku dubi ƙofar da baiwar Allah nan ta buɗe mini. Da na ce “e” kawai, da an tafa mini, an ce wannan jami'i ya shirya. Amma ina! Sai na yi dariya, na ɗaga makirfo, na ce, “Wane irin samfuri kuma, Madam? Nawa ne na kaina, ga hotona nan. Da shi na tuƙo mota daga Dutse yau ɗin nan!”

Lasifika ta kai maganar har rumfar masu tsire.

Madam ta dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ce lafiyarsa ƙalau. Na gane daga baya cewa tana auna abu biyu ne: ta rufa mini asiri ta ce na gaske ne, direbobi su tafi da ilimin ƙarya; ko ta faɗi gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro nata lasisin, ta haɗa da nawa, ta miƙa wa shugaban direbobi.

“Baba, kai ne babba. Duba mana ka gaya wa jama'a bambancin.”

Baba Alhaji ya gyara tabarau. Ya karkata na Madam, tambari ya yi wal, kore ya koma ja. Ya karkata nawa, ko gezau. Ya sa farce a kusurwa, sai ledar da aka rufe katin da ita ta ɗago, hotona ya zame gefe kamar zai gudu ya bar ni. Ya kira wani direba mai ilimin boko ya karanta masa rubutun. Mutumin ya karanta, ya toshe baki.

“Me ya ce?” in ji Baba.

“Baba, an rubuta ajin manyan motoci ne. Tirela da tanka.”

Baba Alhaji ya juyo ya dube ni, ya dubi 'yar motata da ke jingine an sa mata dutse a taya, ya ce cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, ashe namu ne kai. Ina ka ajiye tirelar?”

Tashar nan ta kece da dariya. Har mai kunu sai da ta ajiye ludayi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Malam, a maimaita mana wajen gobe kiyamar nan!” Ni dai ina tsaye da makirfo a hannu, ina tunanin aikina, da takardar tuhuma, da yadda labarin zai riga ni isa sakatariya.

A nan ne na ga abin da ya sa har yau nake girmama matar nan. Ta zare makirfon daga hannuna a hankali, ta jira dariya ta lafa, ta ce, “Kun yi dariya, ya isa. Malam ya sha kunya a gabanku, kuma abin da ya faɗa ɗazu gaskiya ne ko da bai bi ba. Yanzu kowa ya ciro nasa ya karkata ga rana. Wanda ya ga nasa bai yi walƙiya ba, ya kawo mini yau da hannunsa, in rubuta sunansa ya zo gwaji. Wanda ya bari na kama shi a hanya, wannan kuma wata magana ce.”

Dariya ta ɗauke ɗif. Hannuwa suka shiga aljihu. Ka ga manya-manyan direbobi sun juya baya suna leƙa katinsu a ɓoye. Baba Alhaji ya buga sanda ya ce duk wanda ya ɓoye ba zai yi lodi a tasharsa ba. Kafin azahar hular Madam ta cika da katuna, har da na mai cewa in maimaita wa'azi.

Ni kuwa ta karɓi makullin motata. Na ce, “Madam, to yaya zan koma gida?”

Ta ce, “Yadda marasa lasisi ke komawa, Malam. A zaune a baya.”

Rahoto kam ta rubuta, ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba. Ta ambata cewa da hannuna na miƙa katin. Na sha faɗa wajen maigidana a ofis, na sa hannu a takardar gargaɗi, amma aikina ya tsira. Gwajin tuƙi kuwa ita ce a filin. Zuwan farko na bi ta kan durom ɗin da aka kafa don alama da ribas, ta ce in dawo. Na biyu motar ta mutu sau uku, ta ce in dawo. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, ba ta kuma sassauta mini ba. A na uku da na wuce, ta sa hannu a takarda ta ce, “Yanzu sai ka je ka yi wa'azinka.”

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Kafin ka yi wa jama'a nasiha, ka fara laluba aljihunka. In kuma wanda ya fi ka sanin aiki ya matso ya yi maka tambaya cikin raɗa, don Allah kada ka ba shi amsa ta lasifika.